Burodin Jiya da Ƙwai: Karin Kumallo Mai Sauƙi Ga Mai Juna Biyu

Uwargida mai juna biyu, da me kika karya yau? Wannan tambaya ce da muke yawan yi wa mata a ɗakin awo, kuma amsoshin ba su cika wuce uku ba. Wata ta ce ruwan shayi da burodi, wata ta ce koko zalla, wata kuma ta ce ba ta tsaya karyawa ba don kada ta tarar layi ya yi tsawo. Amsa ta ukun ba abin mamaki ba ce ga wadda ta taso daga Gwarzo ko Kabo, ko garuruwan da ke kewaye da su irin su Getso, Kutama, Lakwaya, Garo da Durun. Daga Gwarzo zuwa cikin Kano tafiyar kusan kilomita 70 ce, sai mace ta yi sammako ta tsaya bakin titi jiran mota. Ko wadda za ta yi awonta a Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin Kabo, kafin ta sallami yara da maigida rana ta riga ta ɗaga.

Ki lissafa da kanki. Idan kin ci tuwo bayan sallar isha'i, ba ki sake sa komai a baki ba sai ƙarfe 10 na safe, kin yi awa 13 ko 14 ke nan babu abinci. Shi kuwa abin da ke cikinki ba ya tsayawa da ci don ke kin yi barci. Dare da rana yana jan rabonsa daga jininki ta hanyar mabiyiya. Shi ya sa sukarin da ke cikin jinin mai ciki yake saurin yin ƙasa idan ta daɗe ba ta ci ba, fiye da na wadda ba ta da ciki. Daga nan sai jiri, da rawar jiki, da ciwon kai, da tashin zuciya, wata ma har ta yanke jiki ta faɗi a kan layi.

Akwai wani karin kumallo da ba ya cin minti 15, kuma kayan haɗinsa suna nan a yawancin gidaje: burodin da ya kwana, da ƙwai, da 'yar madara in ta samu. Ana tsoma burodin a cikin kaɗaɗɗen ƙwai ya sha, sannan a soya shi sama-sama a kasko. Bai fi ƙosai da koko ba, bai fi ɗumamen tuwo da miyar kuka mai daddawa da kifi ba, kuma ba mu ce ki bar su ba. Amma a gidan da aka riga aka saba da shayi da burodi, wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta mayar da burodin nan abinci mai gina jiki.

Ba sabon abu ba ne

Turawan Ingila da Amurka suna jingina wannan abinci ga Faransa. Su kuwa Faransawa sunan da suke kiransa da shi ma'anarsa "burodin da ya salwanta", domin asalinsa dabara ce ta kada a zubar da burodin da ya bushe. Tun zamanin Rumawa akwai littafin girki da ya ambaci jiƙa burodi a madara a soya a zuba masa zuma.

A Amurka wasu na yin sa da wani irin burodi mai suna begel, wanda yake zagayayye da huda a tsakiya kamar gammo. Sai an tsoma ƙullinsa a tafasasshen ruwa kafin a gasa, shi ya sa yake da tauri da danƙo, kuma yake buƙatar jiƙo mai tsawo kafin ƙwai ya ratsa shi. Yahudawan ƙasar Folan ne suka fito da shi, kuma abin da ya ja hankalina a matsayina na ungozoma shi ne, rubutun farko da aka sani ya ambace shi, a birnin Krakow a shekarar 1610, ya kawo shi ne a matsayin abin da ake kai wa matan da suka haihu. Ashe ko'ina ka je mutane sun san mai haihuwa tana buƙatar abincin da zai riƙe ciki.

Mu nan ba sai mun nemi begel ba, muna da gurasa. Ita ma tana da nauyi da danƙo, tana riƙe ciki fiye da burodin leda mai laushi, kuma idan ta kwana ta fara ƙarfi ba a rasa yadda za a yi da ita. Duk abin da za a faɗa a nan game da burodi ya shafi gurasa, har da alkubus ɗin da ya kwana, sai dai bambancin lokacin jiƙo.

Maganar camfin ƙwai

Na san wasu da sun ji an ambaci ƙwai za su ce ai mai ciki ba ta cinsa. Wasu na cewa yana sa ɗa ya yi ƙato ya ƙi fitowa, wasu na cewa za a haife shi babu gashi, wasu kuma na cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Iyayenmu da kakanninmu da ke faɗar haka ba mugunta suke nufi ba, tsoron wahalar naƙuda ne, kuma tsoron yana da dalili domin sun ga matan da suka kwana biyu ko uku a kan gwiwa. Sai dai laifin ba na ƙwai ba ne.

Abubuwan da suka fi sa haihuwa ta tsaya su ne ƙanƙantar ƙugun uwa, musamman yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama ginuwa ba ko wadda ta tashi cikin rashin abinci mai kyau, da kuma kwanciyar da ɗa ya yi ba daidai ba. Jaririn da ya yi girman da ya wuce kima, wato sama da kilo 4, sau da yawa ciwon suga ne a jikin uwar ko ƙiba mai yawa ke jawo shi, kuma awo ne ke gano wannan. Abin da ya fi damunmu a ɗakin haihuwa shi ne akasin haka: jaririn da bai kai kilo 2.5 ba. Irin wannan ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ba ya kama nono da ƙarfi, kuma cuta na saurin kama shi. Uwar da ta takura wa kanta abinci don ɗa ya fito ƙarami ba ta sauƙaƙa wa kanta naƙuda ba, ta dai shiga naƙudar ne babu ƙarfi babu jini.

Ƙwan kaza babba guda ɗaya yana ɗauke da kusan giram 6 na sinadarin gina jiki, kuma irin wanda jiki ke amfani da shi kusan gaba ɗaya. A cikin gwaiduwa akwai bitamin A da D da B12, da wani sinadari mai suna kolin da ke taimakawa wajen ginuwar ƙwaƙwalwar jariri. Saboda haka kada ki cire gwaiduwa ki ba yara ki ci farin kawai. Na kazar gida, na gidan gona, da na zabi duk suna yi. Da damina idan zabi suka fara saki, ƙwansu kan yi araha a kasuwannin ƙauye irin ta Getso da kuma bakin titi. Ya fi na kazar gona ƙanƙanta, don haka ki sa uku a madadin biyu.

Wani abu kuma da ya kamata a gyara shi ne cewar mai ciki abincin mutum biyu take ci. A watanni ukun farko jiki ba ya buƙatar ƙarin yawan abinci, ingancinsa ne abin dubawa. A watanni ukun tsakiya ƙarin da ake buƙata kusan kalori 340 ne a rana, a ukun ƙarshe kuma kusan 450. Ƙwai biyu da yankan burodi biyu da ɗan man da aka soya su ya kusa cike wannan ƙarin.

Yadda ake yin sa

Ki tanadi ƙwai 2, yankan burodi 3 ko 4 masu kaurin yatsa, madara cokalin cin abinci 4 zuwa 6, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, da man gyaɗa cokali ɗaya ko biyu. Idan madarar gari ce ki dama ta da ruwan da aka tafasa ya huce. Idan babu madara ko kaɗan, ruwa cokali 2 ya isa ya sassauta ƙwan, kada rashinta ya hana ki yi.

Burodin jiya ko na shekaranjiya ya fi sabo, domin sabo yana da lema a jikinsa, da ya sha ƙwai sai ya dagargaje a hannu. Wanda ya bushe kuwa tsotsewa yake yi ya tsaya da siffarsa. Amma ki bambance bushewa da lalacewa. Idan kin ga fumfuna, wato ɗigo-ɗigon kore ko baƙi ko fari kamar auduga, ko kika ji yana yauƙi ko warin tsami, ki zubar da shi duka. Yanke wurin da ya yi fumfuna ba ya wadatarwa, domin saiwarta ta riga ta ratsa ciki inda ido ba ya gani, kuma suya ba ta kashe dafin da wasu nau'o'inta ke bari. Da damina burodin da aka ƙulle a leda kan yi haka cikin kwana biyu ko uku.

Ki fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin kofi kafin ki juye a babban kwano, don kada bara-gurbi guda ya ɓata miki sauran. In kina shakkar ƙwai tun kafin fasawa, sa shi a kwanon ruwa. Sabo yana nutsewa ya kwanta, wanda ya taso sama ya tsufa, ki rabu da shi. Ki kaɗa ƙwan da madara da gishiri har fari da gwaiduwa su haɗe, sannan ki juye a faranti mai ɗan zurfi wanda yankan burodi zai kwanta a ciki.

Wurin jiƙo ne aka fi samun matsala. Burodin leda da ya kwana ɗaya, ki ƙirga zuwa ashirin ki juya, ki sake ƙirga ashirin ki cire. Wanda ya bushe ƙarau yana iya kai minti ɗaya kowane gefe. Gurasa kuwa bayanta ba ya shan ruwa da sauri, sai ki yanka ta gida huɗu, idan mai kauri ce ki tsarga ta biyu ta yadda cikinta zai bayyana, ki kifa cikin a kan ƙwan ki bar ta minti 3 zuwa 5. Za ki iya soka mata cokali mai yatsu a wurare kaɗan don ƙwan ya samu hanya. Alamar ta sha ita ce ta yi nauyi, kuma idan kin danna ta da yatsa ta lotsa ba tare da ta rabe ba.

Ki ɗora kasko a wuta matsakaiciya. Idan murhun itace ne ki janye itacen ki bar garwashi, idan gawayi ne ki bari ya gama kamawa, idan risho ko gas ne ki rage. Ki shafa mai, ba irin na suyar ƙosai da ake zubawa ya yi iyo ba, ɗan abin da zai hana kamawa kawai. Ki ɗaga burodin ya ɗan tsane, ki shimfiɗa, ki bar shi minti 2 zuwa 3 har ƙasan ya yi ja, sannan ki juya. Wuta mai ƙarfi tana ƙona waje ta bar ciki ɗanye, kuma ɗanyen cikin nan shi ne abin da muke gudu. Ga gurasa ko yanka mai kauri, ki rufe kaskon da murfi na minti ɗaya ko biyu bayan kin juya don tururi ya dafa tsakiya. Kafin ki sauke, ki tsaga guda ki duba. Idan ruwan ƙwai na fitowa, ki mayar.

Sauran ƙwan da ya rage a faranti kada ki ajiye shi sai anjima. Ki juye shi a kaskon nan take ki soya ki haɗa a kai.

Turawa da zaƙi suke cinsa, su barbaɗa kirfa su zuba zuma ko sukari. Idan haka ranki ke so, ƙaramin cokali ɗaya na zuma ya isa, ko ki yanka ayaba a kai. (Zuma ba ta da laifi ga mai ciki, amma kada a lasa wa jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da cikinsa bai iya kashewa ba tukuna.) Ni dai na fi ba mata shawarar irin namu na gishiri: a yanka albasa ƙanana sosai, da ɗan attaruhu ko tattasai, a zuba cikin ƙwan kafin a tsoma burodin. Idan akwai zogale a gida, kamar yadda yake a gidaje da yawa a Gwarzo da Kabo, ki dafa ganyen ki matse ki daddatsa cokali biyu ki zuba, ko ki sa garinsa ƙaramin cokali ɗaya. Alayyahu ma yana yi. Ba sai kin sa dunƙulen ɗanɗano ba, burodi da kansa yana da gishiri.

Me ya sa muka nace sai ya nuna?

Ƙwai kan ɗauki ƙwayar cuta mai suna salmonela, a bayan ɓawonsa daga kashin kaza, wani lokaci ma a cikinsa. Tana kawo zazzaɓi da amai da gudawa. Mai ciki garkuwar jikinta ta ɗan sassauta, kuma gudawa mai tsanani da zazzaɓi na iya ƙarar mata da ruwan jiki har su tayar da naƙuda lokaci bai yi ba. Zafin wuta yana kashe ƙwayar matuƙar fari da gwaiduwa sun daskare. Saboda haka al'adar nan ta fasa ɗanyen ƙwai a cikin madara ko lemon kwalba a sha wai don ƙarin jini, ki bar ta. Ba ta ƙara jini, kuma jiki ya fi amfana da dafaffen ƙwai a kan ɗanye. Ki guji ƙwan da ɓawonsa ya tsage, ki wanke hannu da sabulu bayan kin fasa, kuma farantin da ɗanyen ƙwai ya taɓa kada ki sake zuba soyayyen a cikinsa sai kin wanke.

Haka batun madarar shanu. Yankinmu Allah ya hore mana Fulani maƙwabta, ana samun madara sabuwar tatsa, kuma abinci ce mai kyau. Amma sai an tafasa ta. Ɗanyar madara na iya ɗauko cutar bakkale da tarin fuka na shanu, da wata ƙwayar cuta mai suna listeriya wadda ke iya ratsawa ta kai ga jariri ta jawo ɓari ko haihuwar ɗa babu rai. Ki tafasa ta ta huce kafin ki zuba a ƙwan, in ba haka ba zafinta zai dafa shi ya yi gudaji.

Game da burodin kansa, ki nemi wanda ke da sunan gidan burodin da lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin ledarsa. A zamanin Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar daga 2001 zuwa 2008, an yi yaƙi sosai da sinadarin buromet da wasu masu gashi ke sawa don burodi ya kumbura, saboda illarsa ga ƙoda da kuma zargin yana jawo ciwon daji. An haramta shi, sai dai ba kowa ke bin doka ba. Burodin da ya yi girma fiye da nauyinsa, wanda idan kin matse shi yake komawa kamar auduga, ba shi ne na zaɓa ba. Tun 2002 kuma doka ta wajabta wa kamfanoni sa bitamin A a fulawa da sukari da man girki, don haka fulawa da man da ke cikin mazubin kamfani sun fi waɗanda ba a san asalinsu ba.

Shayi da maganin ƙarin jini

Nan ne nake so ki fi natsuwa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan kashi 61 cikin 100 na masu ciki a Nijeriya suna da ƙarancin jini. Macen da ta zo haihuwa jininta ya yi ƙasa, zubar jinin da wata za ta jure ita tana iya kai ta ga halaka. Dalilin da ya sa ke nan ake ba ki ƙwayoyi biyu a wurin awo, ja da kuma ɗan ƙarami ruwan ɗorawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da maikurogiram 400 na folik asid kullum.

Ƙwai, duk da amfaninsa, ba shi da sinadarin ƙarfe mai yawa, kusan miligiram ɗaya ne a guda. Don haka burodi da ƙwai ba ya maye gurbin maganin, kuma ba ya maye gurbin nama, kifi, wake da ganye a sauran abincin yini. Shi kuma ganyen shayi yana da wani sinadari da ke kama ƙarfen da ke cikin abinci da na magani ya hana hanji tsotsarsa. Madara ma tana rage tsotsar, shi kansa ƙwan yana ɗan ragewa. Macen da ke haɗiye jan maganinta da kofin shayi mai kauri kullum safe, rabin wahala kawai take yi, sai a auna jininta a ga bai motsa ba, ta rantse tana sha, kuma gaskiya ta faɗa.

Abin yi mai sauƙi ne. Ki ci burodinki da ƙwai da safe, ki kora da ruwa, ko kunun gyaɗa, ko koko, ko kunun tsamiya. Ki haɗa da lemon zaƙi, gwanda, gwaiba ko mangwaro, duk wanda lokacinsa ya kama, domin bitamin C da ke cikinsu yana taimaka wa jiki ɗaukar ƙarfe. Maganin kuma ki sha shi da hantsi, kamar awa biyu bayan karyawa, da ruwa ko lemo. Idan yana tayar miki da zuciya ki mayar da shi dare bayan tuwo. In ba ki iya rabuwa da shayi, ki sha marar kauri, kofi ɗaya ko biyu a yini, kuma ki sa tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakaninsa da maganin. Bayan gida ya yi baƙi saboda maganin ba ciwo ba ne, kada ki daina sha.

Idan kina laulayi ko kina da wani ciwo

A watannin farko wasu ko ƙamshin suyar ƙwai ba sa son ji. Kada ki tilasta wa kanki. Ki ajiye busasshen burodi ko biskit kusa da shimfiɗa, ki ɗan ci kafin ki miƙe. Idan zuciya ta kwanta, wani ya soya miki a waje, ki bari ya huce domin mai sanyi bai kai mai zafi tashin ƙamshi ba, ki ci kaɗan-kaɗan. Idan ciki ya tsufa kuma ƙwannafi ya dame ki, ki rage mai da attaruhu, ki raba abincin biyu, kuma kada ki kwanta da zarar kin gama ci.

Wadda aka gaya wa tana da ciwon suga, ko na da can ko wanda ciki ya kawo, ta sani farin burodi da gurasa suna saurin ɗaga suga. Ita ba zuma ba sukari ba madara mai zaƙi ta gwangwani. Ta rage burodin zuwa yanka ɗaya ko biyu, na alkama in ya samu, ta ƙara ganye, kuma ta nuna wa likita ko mai ba da shawarar abinci abin da take ci don a daidaita mata. Mai hawan jini kada ta ƙara gishiri. Wadda kuma ta san ƙwai na sa mata ƙaiƙayi ko kumburi, ta koma ga ƙosai, alale, awara ko kunun gyaɗa, duk suna gina jiki.

Amma akwai abin da karin kumallo ba ya magani. Idan amai ya hana komai zama a cikinki yini guda, ko kina haki da ɗan aiki kaɗan, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kika ga jini, ko motsin ɗa ya ragu, ki tafi asibiti mafi kusa a ranar, kada ki jira ranar awo.

Ga maigida da Hajiya

Malam, mun san ƙwai ya yi tsada, ba mu raina ƙoƙarinka ba. Amma da yawa daga cikin maza sukan tsaya teburin mai shayi da dare a soya musu ƙwai biyu da taliya, alhali mai ɗauke da cikin tana gida da ruwan bunu. Ka sayi ɗanyen guda biyu a wurin mai shayin nan ka sa a aljihu ka kai gida. Idan ba a iyawa kullum, sau uku ko huɗu a mako ma ba ƙaramin abu ba ne, kuma ƙwai ɗaya da ruwa cokali biyu yana jiƙa yanka biyu. Idan akwai kaji ko zabi a gida, a ware wa mai ciki nata kafin a kai saura kasuwa ko a sa wa kaza ta kwanta.

Hajiya, ke ce ake jin maganarki a gida. Idan kika ce ta ci, za ta ci hankali kwance, idan kika hana, ko mun yi bayani sau goma a asibiti ɓoyewa za ta yi ko ta haƙura. Jikanki ne ake ginawa. Idan akwai abin da ke damunki game da ƙwai ko girman jariri, ki rako ta awo ki tambaye mu, a auna cikin a gabanki.

Ranar awo

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, don haka sammakon nan ba sau ɗaya za ki yi shi ba. Ki yanka burodin tun dare ki rufe shi da kwando ko tsaftataccen ƙyalle, ki ajiye kasko da faranti a wanke. Ƙwan kuwa kada ki fasa sai da safe. Idan motar ba za ta jira ki ci ba, ki zuba a kwano mai murfi ki ci a hanya ko da isarki, kada ya wuce awa biyu da saukewa, da bazara ma awa ɗaya. Ki riƙo ruwan sha da lemo guda.

Rana ɗaya ce za ki zo ba ki karya ba, ita ce ranar da aka ce za a yi miki gwajin suga na musamman, wanda akan yi tsakanin mako na 24 da na 28 ga waɗanda likita ya ga suna buƙata. A ranar ba ci ba shayi tun dare, sai ruwa kawai. Gwajin yana ɗaukar kamar awa biyu, saboda haka soyayyen burodin zai daɗe da yawa kafin ki samu ci. Ki taho da dafaffen ƙwai a cikin ɓawonsa da burodi ko gurasa, ki ci da zarar an ɗebi jinin ƙarshe, kafin ki hau motar komawa gida.